DOGUWAR WAYA KE RAGE ƘARFIN WUTA A SABABBIN UNGUWANNI

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suke ta tsirowa a bayan manyan biranen Arewa ya san halin da wutar lantarki take shiga da zarar an idar da sallar magariba. Da rana tsaka fanka tana juyi sosai, firiji yana ta aikinsa. Amma da magidanta sun komo gida, an kunna fitilu da talabijin, uwargida ta jona dutsen guga, sai a ga fanka ta koma tafiyar hawainiya, firiji ya riƙa tashi yana ɗaukewa, injin ɗaga ruwa kuwa ya yi ta gurnani ba tare da ya juya ba. Abin da kowa yake faɗa shi ne wuta ba ta da ƙarfi. Daga nan sai a ɗora laifin a kan kamfanin wuta, wanda har gobe jama'a suke kira NEPA, ko da yake hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta koma PHCN tun 2005, sa'an nan a watan Nuwamba na 2013 aka danƙa aikin rarraba wutar ga kamfanoni goma sha ɗaya.

Sau da yawa zargin yana kan hanya, domin akwai taransifomar da aka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, akwai kuma layukan titi da suka tsufa. Amma akwai wani kaso na wannan matsala da yake hannun maigida shi kansa, kuma ba safai ake waiwayarsa ba, watau wayar nan da aka jawo daga falwaya zuwa gida. A tsohuwar unguwa inda falwaya take ƙofar gida, wannan waya ba ta wuce mita ashirin ko talatin, saboda haka ba ta da wani tasiri. A sabuwar unguwa kuwa, inda ma'aikaci ya sami fili da ɗan sauƙin kuɗi ya yi gini tun kafin layin wuta ya iso, takan kai mita ɗari da hamsin, wani lokaci ma ɗari uku. A nan ne kaurin waya yake zama magana babba, kuma a nan ne akasari ake yin tsumulmula, domin lokacin da aka zo jawo wuta aljihun mai gini ya riga ya bushe.

Kafin a shiga lissafi ya kamata a rarrabe abubuwa uku waɗanda jama'a suke haɗawa su kira su wuta. Manomin rani da yake ban ruwa da inji da tiyo ya san su duka. Akwai matsin da yake tura ruwan, akwai yawan ruwan da yake bi ta cikin tiyon, akwai kuma turjiyar da tiyon yake yi wa ruwan. In tiyon gajere ne mai faɗi, ruwa zai fito da ƙarfinsa. In dogo ne siriri, sai ya fito a gajiye, alhali kuwa injin bai sauya ba. Haka abin yake ga lantarki. Matsin da yake tura wutar shi ake aunawa da bolt, yawan wutar da take gudana ana auna ta da amfiya, turjiyar waya kuwa da om. Wannan suna na ƙarshe an ɗauko shi ne daga Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe wanda ya bayyana a shekarar 1827 cewa matsin da yake ɓacewa a cikin waya daidai yake da yawan wutar da take bi ta cikinta in an ninka da turjiyar wayar. Wutar ba zubewa take yi a hanya ba. Duk amfiyar da ta shiga wayar sai ta isa gida ta komo, abin da yake raguwa shi ne matsin, kuma abin da ya ragu zafi yake zama a jikin wayar, iska ta kwashe shi.

Abu biyu ne suke fitowa daga wannan ƙa'ida. Na farko, in babu abin da aka kunna a gida, babu matsin da zai ɓace, komai tsawon wayar. Shi ya sa mai gyaran wuta yakan gama aiki da hantsi, ya sa na'urar awo ya nuna wa maigida bolt 225, a yi murna a sallame shi, sai da dare gaskiya ta fito. Na biyu, a gidan da yake kan layi ɗaya wuta tana zuwa ta waya guda ta koma ta wata, saboda haka gidan da yake nisan mita 150 daga falwaya tafiyar mita 300 wutarsa take yi.

DAƊAƊƊIYAR MATSALA CE

Ba yau injiniyoyi suka fara fama da wannan al'amari ba. Sa'ad da Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa ta Titin Pearl a birnin New York na Amurka a watan Satumba na 1882, da matsin bolt 110 yake aika wuta gidaje, kuma wutar ba ta iya wuce kimanin mil guda daga tashar kafin fitilu su dushe, sai fa in za a binne jan ƙarfe mai kaurin da kuɗinsa ba zai biyu ba. Wannan ne ya ba wa abokan hamayyarsa, George Westinghouse da Nikola Tesla, galaba, domin irin wutarsu mai kai da komo ana iya ɗaga matsinta da taransifoma, a aika ta nesa, a sake sauke shi a kusa da masu amfani da ita. A shekarar 1896 aka aika wuta daga magangarar ruwa ta Niagara zuwa birnin Buffalo, nisan fiye da mil ashirin, da matsin bolt 11,000. Sirrin shi ne, in an ninka matsi sau goma, yawan wutar da ake bukata don yin aiki ɗaya yakan ragu sau goma, asarar da ake yi ta zafi kuwa ta ragu sau ɗari.

A kan wannan dabara aka gina tsarin wutar Nijeriya. Wutar da take fitowa daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Jebba da ta Shiroro, da matsin bolt 330,000 take tafiya har manyan tashoshi irin na Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano. Daga nan a sauke ta zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 400 tsakanin layi da layi, ko 230 a kan layi ɗaya. Abin mamaki shi ne wutar da ta keto ɗaruruwan kilomitoci ba tare da ta galabaita ba, sai ta zo ta durƙushe a mita ɗari biyun ƙarshe, saboda a nan ne matsin ya fi ƙanƙanta, yawan wutar ya fi yawa, wayar kuma ta fi siranta.

To, nawa ne ya halatta ya ɓace? Masu aikin wuta a ƙasar nan sun gaji ƙa'idojinsu ne daga Ingila, kuma littafin ƙa'idojin wayarin na can, wanda aka sani da BS 7671, tun bugunsa na 2008 ya ƙayyade cewa daga inda wuta ta shigo gida zuwa inda ake amfani da ita kada a rasa fiye da kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, da kashi 5 cikin ɗari ga sauran kayayyaki. A bolt 230, wannan ya zama bolt 6.9 da bolt 11.5. A Amurka ma, inda gidajen gona da yawa suke nesa da titi, littafin ƙa'idojinsu ya ambaci kashi 3 da kashi 5, sai dai a matsayin shawara. Waɗannan alƙaluma na cikin gida ne, amma injiniya mai hankali yakan auna wayar da ta taho daga falwaya da mudu ɗaya, har ma ya ƙara matsawa, tun da yake abin da aka rasa a waje da abin da aka rasa a ciki haɗuwa suke yi a kan firiji ɗaya.

LISSAFIN GIDA GUDA

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya gina gida mai ɗaki huɗu, nisan mita 150 daga falwaya ta ƙarshe. Yana da na'urar sanyaya ɗaki guda biyu, kowacce tana jan amfiya shida zuwa bakwai. Dutsen guga yana jan kimanin biyar, hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan tara, injin rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya kimanin biyar, sa'an nan ga firiji da fankoki da fitilu da talabijin. Ba lalle ne a kunna su duka a lokaci guda ba, saboda haka a ce amfiya 30 yake ja a lokacin da gida ya cika.

Ya je kasuwa, mai shago ya miƙo masa farar waya ta alminiyam mai kaurin murabba'in milimita 16, ya ce da shi ita kowa yake sawa, kuma za ta ɗauki amfiya 30 ba tare da ta yi zafi ba. Mai shago bai yi ƙarya ba. Amma tambaya ɗaya kawai ya amsa daga cikin biyu. Ta farko ita ce ko waya za ta ɗauki wutar ba ta ƙone ba, kuma wannan ba ruwanta da tsawo. Ta biyu ita ce ko wutar za ta isa da ƙarfinta, wannan kuwa tsawo ne ubanta. A gajeriyar tafiya tambaya ta farko ce take yanke hukunci, a doguwa kuwa ta biyu ce.

Bisa ma'aunin ƙasashen duniya, kilomita guda na wannan waya yana da turjiyar om 1.91. Mita 300 na zuwa da komowa ya ba da om 0.573, in an ninka da amfiya 30 sai a sami bolt 17, watau kashi bakwai da rabi cikin ɗari, tun wutar ba ta shiga zaure ba. Da a ce falwayar tana nisan mita 30 ne, da bolt uku da rabi kawai za a rasa, kuma da wayar ta wadatar. In aka ƙara kauri zuwa 25, asarar za ta sauka zuwa bolt 10.8. A kauri 35 ta zama 7.8, a kauri 50 kuwa 5.8, watau kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wanda ya fi son jar waya ta jan ƙarfe zai ga mai kauri 6 tana rasa kusan bolt 28, mai kauri 10 tana rasa 16.5, mai kauri 16 kuwa goma da ɗan ɗoriya.

Ɗalibin da yake son hanya gajeriya ta yin wannan lissafi sai ya ninka tsawon tafiyar sau biyu, ya ninka da amfiya, ya ninka da 0.03 in alminiyam ne ko 0.018 in jan ƙarfe ne, sa'an nan ya raba da yawan bolt ɗin da aka yarda a rasa. Abin da ya fito shi ne kaurin da ake bukata, sai a ɗauki wanda yake sama da shi a kasuwa. A misalin nan, 2 sau 150 sau 30 sau 0.03 ya ba da 270. In an raba da 11.5 ya fito 23.5, watau waya mai kauri 25 ke nan, kuma ba ta bar wa wayoyin cikin gida komai ba. In an raba da 6.9 ya fito 39, watau mai kauri 50. Tsakanin 35 da 50 gaskiyar wannan gida take, ba 16 ba.

Akwai kuma ƙarin da ƙasar nan take yi wa lissafin. Alƙaluman da aka ambata na waya ce mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salsiyas, alhali turjiyar jan ƙarfe da ta alminiyam tana ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40, baƙar wayar da ta wuni a rana tana ɗauke da kaya ba abin mamaki ba ne ta kai digiri 60. A nan bolt 17 ya zama kusan 20. Kuma a daidai wannan lokaci na bazara ne kowa yake kunna duk abin da zai ba shi sanyi.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. Wayar nan mai kauri 16 tana mayar da wat 516 zafi a duk lokacin da amfiya 30 suke bi ta cikinta, kamar a ce an kunna rabin dutsen guga an rataye shi a sararin sama. In hakan yana faruwa awa huɗu a kowace rana, a wata an ƙona yunit 62. Sa'ad da mitar wuta take manne a bangon gida, kamfani ne yake ɗaukar wannan asara. Amma a wurare da yawa an koma ɗaure mitar a kan falwaya don hana satar wuta, kuma a irin wannan hali duk abin da waya ta sha a aljihun maigida yake. A farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda hukumar NERC ta sanar a watan Afrilu na 2024 ga masu samun wuta a rukunin A, yunit 62 ya tasam ma naira 14,000 a wata. Tun a 1881 masanin nan na Birtaniya William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya nuna cewa wayar da ta fi araha ita ce wadda kuɗin wutar da take ɓatarwa a shekara ya yi daidai da abin da jarin sayenta yake ci a shekara. Watau wayar da ta fi sauƙi a kanti ba ita ce ta fi sauƙi a gida ba. Araha dai ba ta ado.

ABIN DA RAUNIN WUTA YAKE YI WA KAYA

Ba kowane kaya yake jin raunin wuta iri ɗaya ba. Dutsen guga da hita ba sa lalacewa, jinkiri kawai suke yi, domin in matsi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari zafinsu yakan ragu da kashi 19. Tsohon ƙwan fitila mai zare yakan rasa kusan kashi 30 na haskensa, kuma a da shi ne yake tona asirin wuta, da ya yi ja kamar garwashi kowa ya san halin da ake ciki. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta da cajar wayar hannu da talabijin na yanzu, da yawansu an ƙera su su yi aiki daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ɗaki yana nan da haskensa tar alhali wutar ta yi ƙasa ƙwarai. Wannan alheri ne, amma ya ɗauke wa magidanta alamar gargaɗi.

Masu shan wahala su ne kayan da suke da inji mai juyawa, watau firiji, da na'urar sanyaya ɗaki, da injin ɗaga ruwa. Irin wannan inji in matsi ya ragu ba ya rage aikin da aka ɗora masa, sai ya ƙara jan wuta don ya cike giɓin, ƙarin wutar kuwa ya zafafa naɗin wayar da take cikinsa. Lokacin tashi ya fi tsanani, domin a cikin daƙiƙar farko yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya daidaita. A koma gidan ma'aikacin nan. In wutar titi da dare tana bolt 210, doguwar wayarsa ta cinye 20, saura 190. Ya kunna injin rijiya, injin ya fizgi ƙarin amfiya kusan 30 a lokaci guda, matsin ya sake faɗuwa zuwa wajen 175. Ƙarfin murɗawar inji kuwa yana bin matsi ne ninki biyu, saboda haka a bolt 175 abin da ya rage masa kaɗan ya ɗara rabin ƙarfinsa. In bai iya juyawa ba sai ya tsaya yana gurnani yana zuƙar wuta, har rufin wayar cikinsa ya ƙone. Masu sana'ar sake naɗa koyil a kasuwanni sun san wannan wari sarai. A kai musu inji su gyara, a mayar da shi kan wayar da ta kashe shi, bayan wata uku a sake komowa, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko.

Maganin da aka fi rugawa gare shi shi ne sitabilaiza. Tana da amfaninta, amma ba ta ƙirƙirar wuta. In za ta mayar da bolt 180 ya zama 230, dole ta ƙara jan amfiya daga layi, abin da yake bukatar goma sai ta jawo masa kusan goma sha uku. Wannan ƙari ta cikin doguwar wayar nan zai bi, ya ƙara faɗuwar matsin. In kowane gida a layi ya sa tasa, sai su taru su ƙara danne wutar unguwar gaba ɗaya, wanda ba shi da ita kuma ya fi kowa shan wuya.

Akwai haɗarin da ya fi ƙonewar firiji. Aikin fis shi ne ya tsinke in wayoyi biyu sun haɗu, kuma yana tsinkewa ne saboda ɗimbin wutar da take kwararowa a wannan lokaci. Siririyar waya mai tsawo takan hana wannan ɗimbin wuta zuwa. A wasu gidajen akan ga an jawo wuta nisan mita 300 da jar waya mai kauri biyu da rabi, irin wadda ake sa wa soket a ɗaki. Turjiyarta zuwa da komowa ta kusa om huɗu da rabi, saboda haka ko da wayoyin sun haɗu kai tsaye a ƙarshenta, amfiya 52 kawai za su gudana. In fis ɗin da yake tsaronta na amfiya 60 ne, ba zai tsinke ba har abada, alhali wayar an yi ta ne don abin da bai kai rabin wannan ba. Za ta yi ta zafi har robarta ta narke, in kuwa ta bi ta cikin rufin ɗaki, sai Allah ya kiyaye.

Yaya maigida zai gane ko laifin wayarsa ne ko na titi? Gwajin ba shi da wuya, amma ƙwararre ne zai yi shi, ba yaron gida ba. Da dare, lokacin da unguwa take cike, sai a kashe komai na gidan a auna matsin a inda wuta ta shigo. Sa'an nan a kunna kayan da aka saba kunnawa a sake aunawa. In tun farko an sami 180, to ciwon yana kan layin titi ko taransifoma, kuma ko da wayar gida ta kai kaurin rake ba za ta warkar da shi ba, sai a kai ƙara wurin kamfani. In kuwa an sami 220 da farko, da aka kunna kaya ya faɗo 195, to mafi yawan laifin yana tsakanin falwaya da gida. Kafin a sayi sabuwar waya ya kamata a duba mahaɗai tukuna, domin mahaɗin da aka murɗa da hannu a kan falwaya, musamman inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam, yakan ci tsatsa da damina ya zama turjiya mai zaman kanta. Akwai maƙalai na musamman da ake yi don haɗa ƙarafan nan biyu, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Wata hanyar sauƙi ita ce layi uku. In aka raba kayan gida daidai a kan layuka uku, da waya mai kauri iri ɗaya, faɗuwar matsin takan koma kashi ɗaya cikin shida na abin da ake samu a layi ɗaya, domin kowane layi sulusin kayan yake ɗauka, wayar komowa kuma kusan hutawa take yi. Abin takaici shi ne gidaje da yawa masu layi uku ba haka suke amfani da su ba. Sun ɗora komai a kan layi ɗaya, sauran biyun an ajiye su don in wannan ya ɗauke a zare fis a mayar wancan. Da magariba sai rabin unguwa su koma kan layin da ya fi haske, nan take shi ma ya durƙushe.

Ga kuma sha'anin maƙwabtaka. Wanda ya fara tarewa a sabuwar unguwa shi yake jawo waya da kuɗinsa. Bayan shekara guda wani ya tare kusa da shi, ya zo ya yi sallama ya roƙi a bar shi ya jona, kuma a al'adar Bahaushe da wuya a ce a'a. Kafin a ankara wayar da ba ta ishi gida ɗaya ba tana ciyar da biyar, a kan itatuwan da aka kakkafa a maimakon falwaya. Hukumar NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya ba nauyin masu amfani da wuta ba ne, na kamfanin rarraba wuta ne, amma a aikace karo-karon mazauna unguwa ne yake kawo wuta wurare da dama. In har za a yi karo-karon, gara a yi shi a kan abin da zai ɗore. Da zarar nisa ya kai ɗaruruwan mitoci kuma gidaje sun yi yawa, ƙara kaurin waya ya daina biya, domin ban da tsada da nauyi, manyan wayoyin sama suna da wata turjiyar ta daban wadda tazarar da take tsakaninsu take haifarwa, kuma kauri ba ya rage ta sosai. A nan abin yi shi ne a matso da layin bolt 11,000 a sa ƙaramar taransifoma a tsakiyar gidajen. Kayan gidan ma'aikacin nan da suke jan amfiya 30, a kan wancan layi ko amfiya ɗaya ba su kai ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce aka ɗora wa alhakin duba irin waɗannan ayyuka kafin a sa musu wuta, ita ce kuma take ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma maigida yana da ikon ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba mutum aiki.

Masu komawa hasken rana ma ba su tsira ba, nasu ya ma fi tsanani. Batir mai bolt 12 in zai ba da wat 1,200 sai ya fitar da amfiya ɗari, kashi 3 cikin ɗari na bolt 12 kuwa bai kai rabin bolt ba. Shi ya sa wayar batir take da kauri haka kuma ake son ta gajeriya, shi ya sa kuma manyan gidaje suke amfani da bolt 48.

Saura abu ɗaya, watau ko abin da aka rubuta a jikin waya shi ne a cikinta. Duk lissafin da aka yi a sama ya dogara ne a kan waya ta gaskiya, alhali a kasuwa akwai wadda aka rage mata kauri aka cike da roba, akwai kuma alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe ana sayar da shi a matsayin jar waya. Alminiyam ba laifi ba ne, kashi 61 cikin ɗari na aikin jan ƙarfe yake yi in kaurinsu ɗaya, ga shi da rashin nauyi da sauƙin kuɗi, shi ya sa ya mamaye layukan sama. Laifin shi ne a saye shi da sunan wani abu, a kuma yi lissafi da wancan sunan. Mai saye sai ya nemi tambarin hukumar SON a jikin naɗin, ya kuma kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja to shafe ce. In yana son ya tabbatar da kauri, sai ya sa a yanko masa mita guda, a feɗe robar, a ɗora ƙarfen a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Alminiyam mai kauri 16 zai yi kusan giram 43, mai kauri 25 kusan giram 68, jan ƙarfe mai kauri 16 kuwa kusan giram 140.